Ruwa a Kwalbar Layi na Uku

A mayankarmu babu mai kiran yayata da sunanta. Sifiri ake ce mata, kuma tana amsawa. Kowace safiya, kafin ta taɓa jinin ko wace dabba, sai ta zuba tsabtataccen ruwa a 'yar kwalba, ta saka a na'urarta, ta danna maɓalli, ta tsaya har allon ya nuna sifiri. In Manaja ne ya shigo a lokacin, sai ya jira. In gobara ce ta tashi, ina kyautata zaton ita ma sai ta ja layi.

Ni ne ƙaninta, kuma ni ne mutumin banzan da ke cikin wannan labari. Na faɗa tun yanzu don kada wani ya ɓata tausayinsa a kaina.

Mu biyu ne a wurin iyayenmu, ta girme ni da shekara goma sha ɗaya. Ubanmu mahauci ne, ƙato, mai saurin hannu. Daga yadda ya sauke jakar wuƙaƙensa a bakin ƙofa Yaya take gane irin yammacin da za mu yi. In ya ajiye a hankali, a ci abinci lafiya. In ya wurgar, sai ta sunkuce ni ta cusa ƙarƙashin gado, ta koma ta tsaya tsakaninsa da uwarmu. Tabon da ya raba mata girar hagu biyu, ƙarfen bel ɗinsa ne. Tana da shekara goma sha shida ta sauke masa tukunyar ƙarfe a ƙeya, ya wuni bai san inda kansa yake ba. Bai sake ɗaga hannu a gidan ba, bai kuma sake yi mata magana ba har ya mutu. Da uwarmu ta bi bayansa, Yaya ce ta ƙarasa renona, da abinci da ranƙwashi, kusan daidai wa daida.

Ta yi karatun gwaje-gwaje a makarantar koyon sana'a, ta samu aiki a ɗakin jini. A mayankarmu ba a barin jini ya bi kwata. Layin yanka uku ne, kowanne da tankinsa na ƙarfe, da maganin hana daskarewa a ciki. In aka wulwula jinin a inji, jan sai ya kwanta ƙasa, ruwan ya taso sama, rawaya-rawaya kamar shayin da bai ji ganye ba. Wannan ruwan jinin ake busarwa ya zama gari, a haɗa a abincin maruƙa da na kifi. Amma sai in ya fito garau. In ƙwayoyin jinin suka fashe, jansu ya tsiyaya cikin ruwan, to ya lalace, kuma ido ba ya kama farkon lalacewar. Na'urar Yaya ce ke kamawa. Akwati ce mai ruwan toka, tana harba siririn haske ta cikin kwalbar, ta auna yawan hasken da ruwan ya shanye. Mai kyau kaɗan yake sha. Mai ja ya sha da yawa, lamba ta hau. Sifiri da ɗigo biyar ne iyaka. In lambar layi ta wuce nan, tankinsa gaba ɗaya ake kwararwa.

A kan wannan lamba Yaya ba ta da uwa ba ta da uba. Wani wakilin masu saye ya taɓa matsowa kusa da kunnenta ya ce ta ɗan sassauta hannu, ai na'ura ba ta da baki. Ta wanke shi da mari har tabaransa ya faɗa cikin bokiti. Manaja ya zo da gudu zai yi faɗa, ta nuna masa allon, ya karanta, ya juya ya ba mutumin haƙuri a kan tabaran kaɗai.

Ita ta samo mini aikin kora. Ni ke sauke shanu daga mota, in koro su ta lungun ƙarfe har hannun mai yanka, a layi na uku. Ranar farko ta ja ni ɗakinta ta tsayar da ni gaban na'ura.

"Auta, duk wanda ke aiki kusa da jini sai ya san abu uku. Ka buɗe kunnenka, ba zan maimaita ba."

Biyu na ji da rabin kunne: kada a jijjiga shi, kada a bar shi a rana. Na ukun ya wuce ni, domin ta tagar ɗakin ina hango wata yarinya mai sayar da shayi a bakin get tana ɗaura ɗankwali. Abin da idona ya riƙe a ɗakin shi ne Yaya ta sa ruwa, na'ura ta nuna sifiri.

"Ka ji?"

"Na ji, Yaya."

Ta ranƙwashe ni, na fita. Shekara ba ta zagayo ba na auri mai shayin.

Saniya ba ta son lungun nan. Tana jin warin abin da ke gaba, ta kafe ƙafa, ta baya ta hau ta, layi ya tsaya, mai yanka ya leƙo. Sauran masu kora suna da fito da tafi da haƙuri. Ni ina da guntun bututun ƙarfe mai tsawon hannu, har sunana ya koma Bututu. A ranar da na tashi lafiya, jingine shi nake yi. A ranar da na tashi ƙirjina na tafasa, kuma sau da yawa ban san dalili ba, nakan fara daga gwiwar baya. In ta durƙusa sai in koma haƙarƙari. Nakan murɗe wutsiya har in ji ta ɓalle a hannuna. Baba mai yanka, dattijon da ya fi shekara talatin a layinmu, yakan goge wuƙarsa ya dube ni.

"Ɗana, mutuwa ce fa ta zo yi. Ba ta ishe ta ba sai ka ƙara mata?"

Ni dai sai in ci gaba. Gaskiyar ita ce ina jin daɗi. Kuma tafasar ba ta ƙarewa a kan saniya, ragowarta nake kaiwa gida.

Wata huɗu da aure na fara marin matata, a kan murfin tulu da ta bari a buɗe. Daga mari aka koma naushi. Mace ce marar hayaniya, in ana dukanta hannu take sawa ta rufe kai, ta yi shiru don kada maƙwabta su ji. In fuskarta ta kumbura nakan sa wa ƙofa kwaɗo ta waje in tafi aiki, har kumburin ya saɓe. Na tsani ubanmu tun ina ƙarƙashin gado, ga shi har yadda yake tsuke baki kafin ya kai hannu na ɗauko.

Sai Yaya ta fara zuwa gidana. Ina shigowa da yamma in tarar da ita a kujerar bakin ƙofa, jaka a cinya, takalmin roba na aiki a ƙafa.

"Ƙanwata, ɗora mini shayi. Naki ya fi na kowa."

Ta zauna, ta sha kofi uku, ta yi hirar tsadar sabulu, ba za ta tashi ba sai ta ga na yi hamma na shige ɗaki. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne ba kullum take zuwa ba. Ranar da nake cikin walwala ba ta leƙowa. Ranar da na taho ina neman wanda zan sauke wa, a ranar zan tarar da ita. Sau biyar, sau shida, ba ta taɓa kuskurewa ba. Na ce lallai matata ce ke kai ƙarata. Wata safiya na ƙwace wayarta na taka da takalmi, na murɗe mata hannu ta baya har ta durƙusa tana rantsuwa ba ta faɗa wa kowa ba.

Washegari Yaya ta aiko a kira ni. Ina shiga ta murza makulli, ta buɗe littafin da take rubuta sakamako, ta juyo mini da shi.

"Karanta layi na uku."

Lambobi ne jere. Yawanci sifiri da ɗigo biyu. Nan da can sai ɗigo huɗu, ɗigo huɗu da rabi, kuma kowace irin wannan an sa mata ɗan ja a gefe.

"Da na ga layinka na hawa yana sauka, na zargi tanki, na sa aka wanke. Na zargi magani, na canza. Na zargi rana. Sai na fito na tsaya a bayan lungu na ga aikinka. Naman da aka farfasa da ƙarfe yana zubo jansa cikin jini, Auta. Saniya ba ta magana, amma kwalbarta na zuwa hannuna ƙarfe tara." Ta ɗora yatsa a kan jan alamar. "Na kuma lura duk ranar da lambar nan ta hau, washegari yarinyar nan ba ta fitowa sayar da shayi. Ita ba ta faɗa mini komai ba, ka karya mata waya a banza. Kai ne kake faɗa mini, kowace safiya."

"Tsakanina da matata ne."

"Haka ubanmu yake cewa." Ta matso har ina ganin tabon girarta. "Ina da tukunya har yanzu."

Na fita cike da haushi, ba kunya ba. Kusan wata biyu na jingine bututu. Ba tuba na yi ba, kwalba nake tsoro.

Ranar da abin ya faru Talata ce. Da sassafe ina neman safata na ci karo da jaka a bayan ƙofa, an shirya ta tsaf, har da takardun asibitinta. Matata ta ce kwana biyu kawai za ta yi a wurin mahaifiyarta. Idona ya rufe. Na kama gashinta na buga kanta da bango, ta faɗi, na sa takalmin aiki mai ƙarfe a baki na shure ta a kwiɓin hagu. Sau uku na tuna, wataƙila sun fi. Ba ta yi kuka ba. Ta naɗe jiki wuri ɗaya, tana jan numfashi guntu-guntu. Na ce in ta gama wasan kwaikwayon ta kwashe kayan daga jaka. Na datse kwaɗo na jefa makulli a aljihu.

A wurin aiki motar farko ta kawo wani jan bijimi da ya ƙi sauka. Na ɗauko bututu. Na doke shi a gwiwa har ya zube, ya tashi, na doke shi a hanci jini ya ɓalle, na kai masa a ido, idon ya fashe ya gangaro kan kumatu. Sauran shanun suka haukace suna hawan juna, na bi su ɗaya bayan ɗaya. Sai da bututun ya lanƙwashe na tsaya ina haki. A nan na tuna da ƙarfe tara.

Lamba za ta hau. Yaya za ta zo da yamma, ta tarar da kwaɗo, ta ce a buɗe. Ni kuwa kwana biyu nake buƙata, kumburi ya saɓe, a shirya abin da za a faɗa.

Mai tanki yakan cika kwalbar gwaji ta kowane layi ya jera a kan tebur, ya je wanke hannu kafin ya kai wa Yaya. Na faki idonsa na ɗauki ta layi na uku. Na zubar da rabi a kwata, na cike da ruwan tiyo, na rufe, na girgiza sosai don ya haɗu. Lissafina mai sauƙi ne, har ina yaba wa kaina. Shekara uku ina ganin ruwa na ba da sifiri. Rabin ruwa, rabin lamba.

Na zagaya bayan tagarta na raɓe ina leƙe. Ta wulwula kwalabe ukun a ƙaramin injinta. Ta ciro ta ɗaya, rawaya a sama, ja a ƙasa. Ta biyu haka. Ta ciro ta uku, ta ɗaga ta saitin fitila, ta daɗe a haka. Babu rawaya ko ɗigo. Ja ne tsararo tun daga sama, abin da ya kwanta a gindi bai kai faɗin farce ba. Duk da haka ta bi ƙa'idarta, ta ɗiba ta zuba a 'yar kwalbar na'ura, ta goge gefen da kyau, ta saka. Allon bai ba da lamba ba ma, wasu 'yan zane-zane ya jera, jan ya wuce awonsa. Ta ɗago kai, idonta ya sauka cikin nawa kamar ta san ina wurin.

Ta cire safar hannu, ta fito tsakar mayanka da farar rigarta.

"Ina ƙanwata?"

"Tana gida."

"Ba ni makulli."

"Ba gidanki ba ne."

"Dukan shanu ba ya ba da abin da na gani. Ruwa aka zuba. Wanda ya zuba ruwa yana da abin ɓoyewa, kuma ya riga ya aikata shi. Ba ni makulli, Auta."

Ta kai hannu aljihuna, na ture ta. Ta ɗauke ni da mari. Bututun yana hannuna, ban san lokacin da na ɗaga shi ba. Ta tare da hannun dama, na ji ƙarar ƙashin, irin ƙarar da na saba ji a lungu. Hannun ya saki daga tsintsiya yana lilo. Matar da ta goye ni ke nan. Ba ta ko dubi hannun ba. Ta fizgi ƙarfen wasa wuƙa daga ƙugun Baba mai yanka da hannun hagu, ta sauke mini a baki. Haƙorana uku suka zube, na haɗiye ɗaya. Na yi kanta, maza suka rufe ni, muka zame a kan jini muka faɗa kwata. Baba ya ajiye wuƙarsa nesa, ya ɗora gwiwa a wuyana, fuskata cikin tumbi da ruwan wanki.

"Ɗauki, 'yata," ya ce mata. "Na riƙe shi."

Ta durƙusa ta zaro makullin da hannu ɗaya. Manaja na cewa a kai ta asibiti, ta ce direban motar mayanka ya tada mota, asibitin za a je amma sai an biya ta wani wuri.

Abin da ta tarar daga baya aka karanta mini a kotu. Matata na nan inda na bar ta, jikinta sanyi ƙalau, leɓɓanta sun yi fari, cikinta ya yi tauri. Saifarta ce ta fashe, jini na zuba ta ciki tun safe. Yaya da direba suka ɗauko ta a bargo. Likitan da ya yi aikin ya ce da an kai azahar, ba ɗakin tiyata za a nufa da ita ba. Sai da aka fito da ita Yaya ta yarda aka duba hannunta.

Na yi shekara biyu da wata huɗu a gidan yari. Kotu ta raba auren, kuma daidai ta yi. Matata, ko in ce wadda ta kasance matata, ta warke a ɗakin Yaya, daga baya ta koma wani gari ta yi aure. An ce tana da shago da 'ya'ya biyu. Ban taɓa nemanta ba, wannan kaɗai ne alherin da na iya yi mata.

Hannun Yaya ya haɗe a karkace. Ta koyi riƙe 'yar kwalba da hagu, ta ƙara shekara shida a ɗakin jini, ba a taɓa kama ta da lambar ƙarya ba. Ni kuma da na fito na samu aikin dako a tashar mota, inda kaya ba sa jin zafi. Ban iya zuwa inda take ba sai bayan ta yi ritaya. Na tarar da ita a tsakar gida tana tsince shinkafa da hannu ɗaya. Na gaishe ta, ta amsa ba ta ɗago ba. Na zauna a ƙasa. Sai na yi tambayar da ta kwana da ni duk shekarun nan.

"Yaya, ruwa fa na zuba. Ruwa sifiri yake bayarwa. Me ya sa ya yi ja?"

Ta ajiye tiren ta dube ni, ta dubi giɓin bakina.

"Har yau ba ka sani ba?"

"Ban sani ba."

"Ƙwayar jini in ta gamu da ruwa zuƙa take yi, ta kumbura ta fashe. Ba abin da ke lalata jini da sauri kamar ruwa. Shi ne abu na uku da na faɗa maka ranar farko, kana can kana kallon taga."

Na yi lissafin a zaune. Da na saurare ta ranar nan, da ban taɓa kwalbar ba. Da lamba ta tsaya a ɗigo huɗu ko biyar kamar kullum, ta sa mata ɗan ja a gefe, ta gama aikinta, ta ɗauki jaka da yamma ta tafi shan shayi.

Na faɗa mata haka. Ta ce ta riga ni yin wannan lissafin tun a bencin asibiti. Ta jawo tiren da karkataccen hannun ta ci gaba da tsinta.

"Tun kana ƙarami nake dukanka a kan rashin jin magana," ta ce. "Ranar nan kaɗai na gode wa Allah da dukan bai yi amfani ba."